Jan Tawul a Hannun Ƙofa

A ɗakin majinyata maza, ɓangaren waɗanda aka yi wa tiyata, ba fuskar marasa lafiya ma'aikaci yake fara dubawa da safe ba. Hannun ƙofar ɗakin shan shayi yake dubawa. Idan babu komai a kai, sai ya saki jiki ya gaida mutane da muryar da Allah ya ba shi. Idan kuwa ya ga wani ɗan jan tawul a rataye, to Hadari ya haɗo, kowa sai ya kama kansa.

Hadari shi ne babban likitan tiyata na asibitin, kuma a bayan idonsa kaɗai ake kiransa haka. Hannu kam Allah ya ba shi. Cikin da wasu likitoci za su buɗe su rufe su ce a koma gida a yi addu'a, shi sai ya gyara shi, mai cikin ya tashi ya koma kasuwa. Amma bakinsa ba ya da linzami. Yakan zagi nas a gaban majinyaci, ya kira ƙaramin likita jaki a gaban matarsa da ta kawo masa abinci, in kuma abin ya motsa masa a ɗakin tiyata, duk abin da ke hannunsa jifa yake yi da shi. Abin da aka fi tsoro ma ba zagin ba ne. Ranar da yake cikin fushi, idan aka kira shi kan wani majinyaci, yakan zo ya leƙa ya ce, "Tunda kun iya, ku ƙarasa." Daga nan ba zai sake tsayawa a gadon nan ba har a sallami mutumin, ko a fitar da shi ta ɗaya ƙofar.

Sista, babbar nas ta ɗakin, ita ta ƙirƙiro tawul ɗin shekarun baya, don tausayin sababbin ma'aikata da ke faɗa wa mutumin nan da ka ba su sani ba. Dokarsa ba ta da yawa. Wanda ya fara cin karo da shi da safe ya ga fuska babu annuri, sai ya ciro tawul daga aljihun tebur ya rataya. Ranar ba a kiransa a waya, ba a buga masa ƙofa, duk abin da zai iya jira sai ya jira. Kuma ba a tambayar wanda ya rataya, don ko asiri ya tonu kada a kama sunan kowa. Dabara ce mai kyau, ta tsare mutuncin mutane da yawa, har aka manta cewa dabarar tsoro ce.

Ana nan sai ya jefi Auta da almakashi. Auta ita ce ƙaramar nas ɗinsu, mai dariya kamar ba ta san inda take aiki ba. Almakashin ya yanke ta a bayan hannu, sai da aka yi mata ɗinki. Da tsohuwar Matiron ce, shugabar nas-nas ta asibitin, da an ce ta yi haƙuri, an ba ta hutun kwana biyu, shi ke nan. Amma an kawo sabuwa, mace mai taurin kai da ba ta riga ta koyi tsoron gidan ba. Ta ce za a zauna, kowa ya faɗi abin da ke ransa, shi ma yana zaune yana ji. Ta zo ta sami Sista a kan maganar.

"Ke ce babba a nan. In kin buɗe baki, sauran za su buɗe."

"Zan yi magana, Matiron," in ji Sista. "Abin ya ishe ni tun ba yau ba."

Da gaske take yi a lokacin. Sai dai kafin ranar zaman ta zo, sakamakon hoton cikin mahaifinta ya fito. Ƙari ne a hanji, kuma a inda yake, duk garin mutum ɗaya ne zai cire shi tsoho ya tashi.

Aka yi zaman a ɗakin taro mai ƙamshin tsofaffin labule. Hadari ya zauna a gefe yana wasa da makullin motarsa. Matiron ta yi bayani mai tsawo a kan girmama juna, ta ce asibiti ba na mutum ɗaya ba ne, sannan ta ce fili ga mai doki. Ba wanda ya motsa. Ƙaramin Likita, magidanci mai 'ya'ya da furfura ta fara fito masa tun bai kai ba, ya duƙufa yana nazarin takalminsa. Auta ta ɗora hannunta mai bandeji a kan tebur, inda kowa zai gani, ta zuba wa Sista ido. Matiron ma ita take kallo.

Sista ta gyara zama ta ce, "Ai aiki ne. Harshe da haƙori ma sukan saɓa. Mu dai mu riƙa haƙuri da juna."

Auta ta janye hannunta ta mayar ƙarƙashin tebur. Wannan janyewar ta fi wa Sista ciwo fiye da a ce yarinyar ta tashi ta zage ta. Aka watse ba a yi komai ba. A bakin ƙofa Hadari ya tsaya kusa da ita, ba tare da ya dube ta ba ya ce, "Gobe zan yi wa tsohonki. A shirya shi." Bai yi mata barazana ba, bai yi mata godiya ba. Ita ce ma ta yi masa godiya, har da rusunawa.

Baba, mahaifin Sista, tsohon mai gyaran rediyo ne, ya ƙare ƙuruciyarsa a wata 'yar rumfa yana leƙen cikin akwatunan mutane. An ba shi gado na kusa da taga. Tun ranar da ya zo ya mayar da ɗakin majalisa, har majinyatan da ba sa iya dariya saboda ɗinki suna roƙonsa ya yi shiru. Da la'asar Sista ta zo ta zauna a bakin gadonsa, ya dube ta ta saman tabarau.

"Uwata," ya ce, don haka yake kiranta tun tana goye, "wannan babbar rediyon taku ba ta da wurin rage murya ne? Ɗazu na ji ta kama tasha a kan yaron nan likita, har gadona yana rawa."

"Baba, ka rufa mini asiri. Bango yana da kunne."

"Ni dai a sanina, rediyon da ta cika ƙara wata waya ce ta kwance a ciki. Ba a lulluɓa mata bargo. Buɗewa ake yi."

"Wannan ba ta buɗuwa. Kuma gobe ita za ta buɗe ka, don haka ka bar ni in lallaɓa ta."

Ya yi dariya har da tari. Da tarin ya lafa sai ya ce, "Na ga yadda kike tafiya a wurin nan. A gida ƙasa tana jin takunki. A nan kuwa sanɗa kike yi kamar kin zo sata."

"Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, Baba."

"Haka ne. In dai an tuna an miƙe."

Ta ja masa bargo, ta ce ya yi barci ya daina surutu.

Aikin ya yi kyau. Hadari ya fito yana cire safar hannu, ya ce an cire ƙarin duka, ya wuce. Sista ta shiga ɗakin ajiyar magani ta rufe ƙofa ta yi kukan farin ciki, ta ce a ranta shirun da ta yi a wurin taro ya biya. Ko Auta ba ta ƙara yi mata magana ba har abada, ta ɗauka.

Washegari ba ta da aiki, don ba a barin ma'aikaci ya yi jinyar nasa. Ta zo da kayan gida, da ɗan kwandon 'yan jinya, kamar kowace 'ya. Tana shigowa idonta ya tafi inda ya saba zuwa. Jan tawul yana rataye a hannun ƙofa, har da ɗan ɗigon ruwa a ƙasansa. Ɗakin ya yi tsit. Nas-nas suna magana da hannu. Mutum ɗaya ce ba ta san dawan garin ba, wata dattijuwa mai shara da aka ɗauka a makon nan, tana ta jan bokitinta tana gaida kowa da ƙarfi, ana yi mata alama ta sassauta.

Baba ya ce ƙishirwa yake ji. Ta jiƙa auduga ta shafa masa a leɓe. Ta lura leɓen ya yi fari, goshinsa kuma da gumi mai sanyi alhali fanka tana juyawa a kansa. Ta kama wuyan hannunsa. Jijiyar tana gudu, siririya, kamar zare. Ta ɗaga bargo ta dubi robar da aka saka masa a gefen ciki don fitar da ruwa. Abin da ke cikinta ya fi jiya ja.

Ta nemo Ƙaramin Likita. Ya auna, ya sake aunawa, ya danna cikin a hankali, Baba ya runtse ido.

"Awon jininsa yana sauka," ya ce da ƙaramar murya. "Zai iya zama rashin ruwa ne kawai."

"Zai iya zama kuma yana zubar da jini ta ciki. Ka sani, na sani. Kira shi."

Ya juya kansa wajen ɗakin shayi, ya dawo da shi.

"Sista, in na kira shi yau ya zo ya ce mu ƙarasa fa? Kin san ni ba zan iya komawa cikin nan ba. Kin tuna mutumin gado na ƙarshe bara."

Ta tuna. Ita ta rufe masa ido.

"To ni zan je," ta ce.

Ofishin Hadari yana ƙarshen wani dogon baranda, bayan ɗakin shayi. Ta wuce tawul ɗin, gefen mayafinta ya taɓa shi, ta ji danshi. Ta isa ƙofar. Daga ciki tana jin ƙarar cokali a kofi, ana juya shayi a hankali. Ta ɗaga hannu. Sai lissafi ya zo mata, irin lissafin da ta shekara tana koya wa wasu. In rashin ruwa ne, ta tashe shi a banza a ranar tawul, zai zo ya wulaƙanta ta, wannan ba komai ba ne, amma zai janye hannunsa daga Baba, kuma sauran jinyar da nisa. In ta jira zuwa azahar, wataƙila ya huce, wataƙila ma ya fito zagaye da kansa ya gani da idonsa, ba wanda ya kira shi. Gaba kura, baya sayaki. Ta tsaya har hannun ya gaji, ta sauke shi.

"A ƙara masa ruwa mu gani," ta ce wa Ƙaramin Likita. "A nemo jini a ajiye."

Ya amsa da sauri, kamar wanda aka sauke wa kaya. Aka rataya ruwa. Awon ya ɗan tashi, suka dubi juna suka yi murmushin da ba wanda ya yarda da shi a cikinsu. Rana ta yi sama. Hadari bai fito zagaye ba, don a ranakun da ba shi da tiyata yakan jira a kira shi. Duk nas ɗin da ta wuce gadon sai ta dubi robar, ta dubi Sista, ta dubi ƙofar ɗakin shayi, ta wuce. Kowa ya ga abin da ke faruwa. Kowa kuma yana cewa a ransa, tunda Sista da kanta ba ta buga ƙofar ba, wane ne shi.

Bayan azahar Baba ya buɗe ido ya neme ta. Muryarsa ta dawo can ƙasa.

"Uwata."

"Ga ni, Baba."

"Batir ya yi sanyi."

Ta ce ya daina irin wannan wasan. Ya ɗan motsa baki kamar zai yi dariya, sai idonsa ya juye. Cikin ya kumbura ya yi tauri a ƙarƙashin hannunta.

Auta ce ta ruga. Ba ta tambayi kowa ba. Aka ji takunta a baranda, aka ji tana dukan ƙofar da hannun nan mai ɗinki. Kafin a ankara ga Hadari da gudu, rigarsa a buɗe. Kallo ɗaya ya yi wa robar.

"Tun yaushe?"

Bai tsaya jiran amsa ba, shi da kansa ya kama gadon ya tura.

Sista ta zauna a bencin da ke gaban ɗakin shayi, inda 'yan jinya ke zama. Sau nawa ta wuce mutane a bencin nan ta ce musu su yi haƙuri ana ƙoƙari. Ba ta taɓa sanin katakon yana da tauri haka ba. Inuwar taga ta tashi daga ƙafarta ta hau bango. Da ƙofar ɗakin tiyata ta buɗe, tafiyar Hadari kaɗai ta gani ta san aikin gama ya gama.

Ya tsaya a gabanta. Bai yi ihu ba, kuma rashin ihun ya ba kowa tsoro.

"Jijiya ɗaya ce ɗaurinta ya kwance," ya ce. "Ɗaya. Da an kira ni da hantsi, da yanzu yana nan yana damun mutane da surutu. Ina zaune a ofis tun safe ba abin da nake yi. Har na yi mamakin shirun, na ce yau ɗakin lafiya lau ke nan." Ya dubi Ƙaramin Likita, ya dubi nas-nas da suka jeru a jikin bango. "Me ya hana a kira ni?"

A daidai nan dattijuwar mai shara ta iso da bokitinta, za ta tashi daga aiki. Ba ta san abin da ake ciki ba. Ta miƙa hannu ta taɓa tawul ɗin, ta cire shi, ta kakkaɓe, ta fara ninkewa.

"Ya bushe," ta ce. "'Yata, a ina kuke ajiye shi? Shayi na tarar ya zube da safe, na ciro shi na goge, na wanke na shanya. Ban ga igiya ba, shi ya sa na rataya a nan."

Wata nas ta toshe bakinta da hannu. Ƙaramin Likita ya zame ya zauna a ƙasa. Sista ta dubi ɗan ƙyallen, ninki huɗu a hannun baiwar Allah, ta tuna danshin da ta ji a mayafinta da safe.

"Mene ne wannan?" in ji Hadari. "Me kuke kallo?"

Sista ce ta faɗa masa. Muryarta ba ta rawa, kamar tana ba da rahoton canjin aiki. Ta faɗa masa abin da tawul yake nufi, da dokarsa, da yadda ta je har ƙofarsa ta ji yana juya shayi ta dawo. Ya saurara har ta gama. Ya daɗe yana kallon tawul ɗin, fuskarsa ta yi wani iri, har wasu suka zaci zai zauna kusa da ita.

"Ni na ce ku rataya?" ya ce.

Bai ce ba. Gaskiyarsa ke nan. Ya juya ya bi baranda, ya rufe ƙofarsa a hankali.

Bayan an share makoki labari ya riƙa iske ta a gida. Matiron ta sake kiran zama, wannan karon har da shugabannin asibiti, kuma kowa ya yi magana, har waɗanda ba a taɓa jin muryarsu ba. Ihu bayan hari. Aka ja wa Hadari kunne, aka ba shi hutu, aka ce daga yanzu duk wanda aka ci wa mutunci ya kai ƙara kai tsaye. Korarsa kuwa ba wanda ya kawo, don marasa lafiya ba su daina zuwa ba, kuma hannun nan guda ɗaya ne. Matiron ta jefa tawul a kwandon shara a gaban kowa. Auta ta nemi canji zuwa ɗakin yara, amma kafin ta tafi ta zo gaisuwa, ta zauna kusa da Sista, ta riƙe mata hannu. An ce Hadari ya dawo daga hutu da sanyi, har yana amsa gaisuwa. An ce sanyin ya yi 'yan makonni.

Ranar da Sista ta koma aiki, idonta ya tafi hannun ƙofar kafin ta hana shi. Babu komai a kai. A gadon kusa da taga akwai wani mutum mai 'ya'ya mata biyu a zaune a gefensa, an yi masa aiki shekaranjiya. Ta kama wuyan hannunsa, ta ji zafi, ta danna cikin, ya yi ƙara. Ta dubi Ƙaramin Likita.

"Wannan sai babba ya gan shi. Yanzu."

"Haka ne, Sista," ya ce. "Sai dai yau a bi a hankali."

Ya nuna mata da haɓa. A kan tagar ɗakin shayi, inda duk mai wucewa zai gani, akwai wani koren kofin roba a kife.

"Wa ya kife shi?"

"Kin san ba a tambaya."

Ranta ya ɓaci. Ta ɗauki kofin ta jefa shi cikin kwandon shara, ta kama hanyar baranda. Babbar 'yar mutumin ta biyo ta da ido, irin kallon da ake yi wa wanda aka san zai iya. Sai da ta yi rabin hanya ta lura ba ta jin ƙarar takalminta. Da sanɗa take tafiya, kuma ba ta san lokacin da ta fara ba.

Ta isa ƙofar. A ciki yana faɗa da wani a waya, muryar tana ratsa katako. Ta ɗaga hannu, ta tuna Baba, ta ce a ranta yau kam za ta miƙe. Ta ƙwanƙwasa. A hankali ta yi, yadda ko ita da ke tsaye a wurin ba ta ji ba.